Daga Tuƙi Da Ido Zuwa Tuƙi Da Na'ura: Sa'o'i 50 Da Ke Gaban Matuƙin Jirgi

Tuƙin jirgin sama iri biyu ne a dokance. Akwai tuƙi da ido, wanda ake kira VFR, inda matuƙi ke dogara da ganin ƙasa da sararin samaniya. Akwai kuma tuƙi da na'ura, wato IFR, inda yake bin abin da na'urorin gabansa suka nuna ko da gajimare ya rufe komai. Na biyun yana buƙatar shaidar ƙwarewa ta musamman.

A Amurka, sashe na 61.65 na dokokin hukumar FAA ya wajabta wa mai neman shaidar ya yi sa'o'i 50 na doguwar tafiya yana riƙe da ragamar jirgi, da sa'o'i 40 na tuƙi da na'ura, 15 daga ciki tare da malami. Doguwar tafiya ita ce wadda aka sauka a filin da nisansa ya wuce mil 50 na teku, kimanin kilomita 93, daga inda aka tashi. Hukumar ICAO, wadda Nijeriya ke cikinta, ita ma sa'o'i 50 da 40 ta gindaya.

Yawancin sa'o'i 50 ɗin da ido ake yin su, kuma a nan ɗalibi mai hangen nesa ke cin riba. Yakan nemi masu kula da zirga-zirgar jirage su bi shi ta rada, domin bakinsa ya saba da maganar rediyo. Yakan horar da hannunsa kada jirgi ya kauce wa tsayin da ya zaɓa da fiye da ƙafa 100, kamar yadda ake buƙata a jarrabawa. Idan wani matuƙin na gefensa yana lura da hanya, yakan sanya tabarau mai tare ganin waje.

Sakaci da wannan horo yana cin rai. Ranar 16 ga Yuli, 1999, John F. Kennedy ƙarami, wanda ba shi da shaidar, ya faɗa teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard, ya mutu tare da matarsa da 'yar'uwarta. Masu bincike sun ce jikinsa ne ya yaudare shi cikin duhu da hazo, ya kasa bambance sama da ƙasa.

Ɗaliban Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ba baƙin wannan haɗari ba ne, domin hazon hunturu yakan toshe gani har jirage su kasa sauka a Kano.