Alhakin Masu Motocin Sufuri Kan Tuƙin Direbobinsu a Dokokin Nijeriya

Alhakin da doka ta ɗora wa mai motocin sufuri a Nijeriya ya samo asali ne daga tushe biyu: ƙa'idojin shari'ar Ingila da kotuna suka gada, da kuma dokokin da aka kafa domin kiyaye haɗurra a kan hanya.

Tushen farko shi ne ƙa'idar da ke ɗora wa ubangida nauyin ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. Idan direban kamfani ya yi ganganci ya buge mutum yana kan aikin da aka sa shi, wanda aka cuta na da damar neman diyya daga kamfanin, ko da shugabanninsa ba su san da tafiyar ba. A shari'ar Ifeanyi Chukwu (Osondu) da Soleh Boneh ta shekarar 2000, Kotun Ƙoli ta nuna cewa rashin sanya direba cikin waɗanda ake ƙara ba ya rusa ƙarar, muddin an tabbatar da sakacinsa. Wannan hukunci na da nauyi, domin sau da yawa direba kan tsere bayan haɗari, ko ya rasu a cikinsa.

Tushe na biyu ya shafi riga-kafi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 aka kuma sabunta dokarta a 2007, ta fito da tsarin da ya wajabta wa duk mai motoci biyar ko fiye ya yi rajista, ya naɗa jami'in kula da lafiyar tuƙi, ya riƙa horar da direbobi, ya kuma adana bayanan gyaran motoci da na haɗurra. Daga 1 ga Fabrairu 2017 hukumar ta fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Inshorar da ke biyan wanda mota ta yi wa lahani kuwa wajibi ce tun dokar 1945, sannan dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta shafi direban da ya ji rauni a bakin aiki.

Inda gizo ke saƙa shi ne yanayin alaƙar mai mota da direba. Dokokin nan sun fi dacewa da kamfani mai ofis da albashi. A yawancin tashoshin mota kuwa, tsarin balas ake bi: direba ya karɓi mota, ya kawo kuɗin da aka yanka masa, rarar da ta saura ita ce tasa, galibi ba tare da wata takarda ba. Wannan tsari shi ke tura direba ga gudun wuce sa'a, da lodi fiye da kima, da tuƙi cikin gyangyaɗi. Amma idan haɗari ya auku, sai mai mota ya ce hayar mota ya bayar, ba ma'aikaci ya ɗauka ba. Kotu kan duba wanda ke da iko da yadda ake aikin, sai dai mai ƙara ne zai kawo hujja, kuma akasarin irin waɗannan rigingimu kan ƙare ne da sulhu a hannun ƙungiyar direbobi kafin su kai gaban alƙali.

Wanda ya yanka balas, ya zaɓi direba, kuma shi ke yanke shawarar sauya taya ko gyaran birki, yana da iko a kan motar. Ya kamata doka ta fito fili ta ɗauke shi a matsayin ubangida, ko akwai albashi ko babu.