Hayward, Wisconsin

Hayward ƙaramin gari ne a arewacin jihar Wisconsin ta ƙasar Amurka, kuma shi ne hedikwatar gundumar Sawyer. Yana bakin kogin Namekagon. A ƙidayar shekarar 2020 yana da mutum 2,533. Sana'ar katako ce ta kafa garin, a ƙasar da ta kasance mazaunin al'ummar Ojibwe.

Zamanin Ojibwe

Ojibwe, waɗanda kuma ake kira Chippewa, sun zauna a bakin tafkin Lac Courte Oreilles, kudu da inda garin yake yanzu, tun wajajen 1745. A harshensu sunan wurin Odaawaa-Zaaga'iganiing. Sun rayu da farauta da kamun kifi da girbin shinkafar daji, wadda suke kira manoomin.

A 1837 suka ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Amurka, suka sallama dazuzzuka masu faɗi, ita kuwa gwamnati katakon da ke ciki take so. Sai dai yarjejeniyar ta bar musu haƙƙin farauta da kamun kifi da girbi a ƙasar da suka sallama. Yarjejeniyar La Pointe ta 1854 ce ta ware musu keɓaɓɓen yankin Lac Courte Oreilles, inda suke har yau.

Kafuwar garin

An sa wa garin sunan Anthony Judson Hayward, ɗan kasuwar katako da ya zaɓi wurin don kafa injin yanka katako. Layin dogo ya iso a farkon shekarun 1880, kamfanin North Wisconsin Lumber Company ya datse kogin ya gina masana'antarsa, aka kuma ƙirƙiri gundumar Sawyer a 1883. Ana saran itatuwa a lokacin hunturu, idan ƙanƙara ta narke sai a turo gumagumai ta kogi. Mazan Ojibwe da dama sun yi ƙwadago a wannan aiki. Zuwa farkon ƙarni na 20 manyan itatuwan sun ƙare.

Makarantar kwana da madatsar ruwa

Daga 1901 zuwa 1934 gwamnatin tarayya ta gudanar da makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan asalin ƙasa a Hayward. Manufar irin waɗannan makarantu ita ce raba yara da harshensu da al'adunsu.

A 1923 aka kammala madatsar Winter a kan kogin Chippewa duk da adawar al'ummar. Ruwan ya shanye ƙauyen Pahquahwong da maƙabartu da fadamun shinkafar daji, ya samar da tafkin Chippewa Flowage. A 1971 'yan Ojibwe suka mamaye madatsar don nuna rashin amincewa.

Shari'ar haƙƙin kamun kifi

A 1974 jami'an jiha suka kama 'yan'uwa biyu, Fred da Mike Tribble, saboda kamun kifi da mashi a wajen keɓaɓɓen yankin. Sun kafa hujja da yarjejeniyar 1837. A 1983 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa haƙƙin yana nan daram, hukuncin da aka sani da sunan Voigt.

Hayward a yau

Yawon buɗe ido ne ke riƙe da garin. Tun 1960 ake gasar duniya ta masu saran itace a nan, tun 1973 kuma ake tseren kan dusar ƙanƙara na American Birkebeiner. Al'ummar Lac Courte Oreilles na da jami'arta da aka kafa a 1982 a matsayin kwaleji, da gidan rediyon WOJB, da makarantar Waadookodaading, inda ake koyar da yara darussa cikin harshen Ojibwe.