Garafin: yadda ake ɗaukar hoton aibin da ke cikin abu mafi siranta

Duk wanda ya taɓa rubutu da fensir ya riƙe dangin garafin a hannunsa. Baƙin abin nan na tsakiyar fensir sunansa garafit, kuma sinadarin kabon ne, irin na gawayi. Garafit shimfiɗa ce bisa shimfiɗa. In aka ɓare guda ɗaya tak, mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, ita ce garafin. Sai an jera wajen miliyon 3 kafin kaurinsu ya kai milimita guda.

A shekarar 2004 ne Andre Geim da Konstantin Novoselov, na jami'ar Mancesta a Ingila, suka ware shi. Da me? Da salatif, wannan dai da ake liƙa takarda da shi. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 2010.

Ƙwayoyin kabon ɗin a jere suke kamar saƙar zuma, ɗaki-ɗaki mai kusurwa shida. Idan saƙar ta tafi daidai, garafin ya fi ƙarfe ƙarfi fiye da sau 100, ga shi wutar lantarki na ratsa shi cikin sauƙi. To amma fa, kamar tabarmar kaba, wuri ɗaya in ya kuskure, daga nan take fara yagewa. Shi ya sa masana suka dage sai sun ga aibin da idonsu.

Madubin da likita ke duba jini da shi ba ya iya wannan aiki, don tazarar da ke tsakanin ƙwaya da ƙwaya ta yi wa haske ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Sai na'urar da ke harba elektron su ratsa shimfiɗar, hoto ya fito. Matsalar ita ce elektron masu ƙarfi da yawa kan fizge ƙwayar kabon daga mazauninta, wato mai ɗaukar hoton shi ke haddasa ɓarnar da ya zo dubawa. Dalili ke nan ake rage ƙarfin zuwa bolt 80,000 ko ƙasa. A 2008, Jannik Meyer da abokan aikinsa a Bakili, ƙasar Amurka, sun yi haka, suka ga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ake gani iri-iri ne. Akwai gurbin da ƙwaya ta fita ta bar rami. Akwai wanda ƙwayoyi biyu ke juyawa, ɗakuna huɗu masu kusurwa shida su rikiɗe: biyu su koma masu biyar, biyu masu bakwai. Anthony Stone da David Wales ne suka bayyana shi tun 1986, ana kuma kiransa da sunansu. A 2011 masana a jami'ar Kwanel suka nuna cewa garafin da ake haɗawa bisa jan ƙarfe faci-faci ne, kamar rigar da tela ya haɗa da ƙyallaye, kuma a bakin ɗinkin waɗannan ɗakuna masu biyar da bakwai ne suka jeru.

Ba kowane rami ne hasara ba. Idan aka huda shi da gangan, daidai girman da ruwa zai wuce gishiri ya tsaya, ya zama rariya, kuma ana ta gwajin wannan a ɗakunan bincike. Ga ƙasa irin Nijar, inda wasu rijiyoyi ruwan zartsi ne, zance ne da ya kamata a bi. Sai dai kada a yi gaggawa: rami guda in ya zarce ƙima, gishiri ya wuce, kuma yin shimfiɗa mai faɗi ba tare da irin wannan kuskure ba shi ne har yau ke ba masana wahala. Ɗaliban kimiyya na jami'ar Abdou Moumouni a nan Yamai, ga fage.