Baƙo da Ɗan Gari a Tarihin Kufan Inka: Waiwaye Kan Ayarin 1911 Zuwa Machu Picchu

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana rubutawa a littattafai cewa Hiram Bingham, malamin tarihi a Jami'ar Yale ta Amurka, shi ne ya gano kufan Machu Picchu da ke ƙasar Peru, ranar 24 ga watan Yuli, 1911. Wannan maƙala za ta waiwayi tafiyar ƙaramin ayarin da ya jagoranta, domin ta nuna cewa sanin wurin bai taɓa ɓacewa ba. Yana nan a bakin masu magana da harshen Kecuwa, kuma ta hanyar sunayen wurare da aikin tafinta ne ya isa kunnen baƙo.

2.0 Daular Inka da Harshenta

Inkawa suna kiran daularsu Tawantinsuyu, wato sassa huɗu da suka haɗu. Babban birninta shi ne Kusko, wanda ke kan tsaunukan Andis a tudun da ya kai kimanin mita 3,400 daga doron teku. Daular ta bunƙasa ne tun daga zamanin Sarki Pachacuti, wanda ya hau mulki wajen 1438. Hanyoyin da suka ɗinke ta sun haura kilomita 30,000, kuma ragowarsu na nan a ƙasashe shida na yau: Peru, Bolibiya, Ekwado, Kolombiya, Cile da Ajantina. Inkawa ba su da rubutun baƙaƙe. Suna adana lissafin haraji da ƙidayar jama'a ne a ƙulle-ƙullen igiyoyi da ake kira khipu, sauran al'amuran mulki kuwa da Kecuwa ake gudanar da su a tsakanin al'ummomi masu harsuna dabam-dabam.

A watan Nuwamba na 1532 Francisco Pizarro da mutanensa 168 suka kama Sarki Atahualpa a garin Cajamarca, suka kashe shi a 1533. Ragowar gidan sarauta suka ja da baya zuwa dajin Vilcabamba, inda suka riƙe ƙaramar daula har 1572, shekarar da aka fille kan Tupac Amaru a dandalin Kusko. Harshen kuwa bai faɗi tare da daular ba. Limaman Sifaniyawa sun ɗauke shi domin wa'azi: Domingo de Santo Tomás ya buga nahawunsa da ƙamusunsa a 1560, sannan a 1584 aka buga littafin koyar da addini a Lima cikin Sifaniyanci da Kecuwa da Aimara.

3.0 Ayarin 1911

Bingham ba shi ne baƙon farko da ya ji sunan wurin ba. Charles Wiener, wanda gwamnatin Faransa ta aika bincike Peru, ya ji labarin kangaye a Machu Picchu da Huayna Picchu daga bakin mutanen yankin, ya kuma ambace su a littafinsa na 1880, sai dai ƙafarsa ba ta taka can ba.

Ayarin Yale na mutum bakwai ne, cikinsu har da likita da masanin tsirrai da dabbobi da masu zana taswira. Abin da Bingham ke nema shi ne Vilcabamba, mazaunin Inkawa na ƙarshe. A Kusko, shugaban jami'ar birnin, Albert Giesecke, ya ba shi labarin wani manomi mai suna Melchor Arteaga da ke zaune a Mandor Pampa, bakin kogin Urubamba, wanda ya ce akwai kangaye a kan tsaunin da ke saman gonarsa. Hukuma kuma ta haɗa ayarin da wani Saje Carrasco, mai jin Kecuwa, domin rakiya da tafinta, tun da Bingham ba ya jin harshen.

Ranar da za a hau tsaunin an tashi da yayyafi. Abokan tafiyar Bingham ba su ga dalilin wahalar ba: ɗaya ya tafi kamun malam-buɗe-littafi, ɗaya ya tsaya wanki. Arteaga ma sai da aka yi masa alkawarin sol ɗaya, kuɗin ƙasar, kafin ya yarda. Su uku suka haye kogin a kan gadar itace, Bingham yana rarrafe, suka yi ta hawa har tsakar rana. A can sama suka tarar da iyalan Richarte da Álvarez, manoma waɗanda suka share wasu daga cikin tsofaffin gonakin nan masu hawa-hawa suna shuka masara da dankali. Wani yaro daga cikinsu ne ya shige gaba, ya nuna wa baƙon gine-ginen sassaƙaƙƙen dutse da kurmi ya rufe. A jikin bangon ɗakin nan mai tagogi uku, Bingham ya ga an rubuta sunan Lizárraga da shekarar 1902. Agustín Lizárraga manomi ne na kwarin, kuma Bingham da kansa ya rubuta a littafin ajiyar bayanansa cewa shi ne ya riga shi zuwa. Amma bayan da mujallar National Geographic ta ba da fitowarta ta Afrilun 1913 kacokan ga labarin, sai sunan baƙo ya game duniya, na 'yan gari ya dushe.

4.0 Abin da Sunaye Suka Adana

Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne. A watan Agusta na wannan shekara ta 1911 Bingham ya isa Espíritu Pampa, ya ga wasu kangaye cikin kurmi, ya raina su. Har a littafinsa na 1948 yana nan kan ra'ayin cewa Machu Picchu ita ce Vilcabamba. Sai a 1964 Gene Savoy ya sake bin sawun wurin, binciken da ya biyo baya kuma ya tabbatar da cewa Espíritu Pampa ce mazaunin da ake nema.

Suna ne kuma ya warware asalin Machu Picchu. A Kecuwa, machu na nufin tsoho, wayna na nufin matashi, pikchu kuwa ƙololuwar tsauni. A shekarun 1980 John H. Rowe ya yi nazarin wata takardar Sifaniyawa ta 1568 da ta ambaci wani wuri mai suna Picchu cikin filayen Pachacuti. Daga nan masana suka karkata ga cewa gandun sarki ne da aka gina wajen 1450, a tudun mita 2,430. A 2021 kuma Donato Amado Gonzales da Brian Bauer suka kawo hujjoji daga tsofaffin takardu da taswirori cewa mai yiwuwa sunan garin na asali Picchu ne ko Huayna Picchu. Ke nan sunan da duniya ta sani na tsaunin da ke kudu da garin ne, kamar yadda Arteaga ya faɗa wa baƙonsa.

5.0 Kammalawa

Hukumar UNESCO ta sanya Kusko da Machu Picchu cikin kayan tarihin duniya a 1983, kuma a tsakanin 2011 da 2012 Jami'ar Yale ta mayar wa Peru kayayyakin da aka kwashe, aka ajiye su a Casa Concha da ke Kusko. Har yanzu ƙananan ayarori ne ke bin tsohuwar hanyar Inkawa, tafiyar kwana huɗu ta kimanin kilomita 43, wadda ta ratsa mashigin Warmi Wañusqa mai tsayin mita 4,215. Doka ta ƙayyade mutum 500 a rana, kuma fiye da rabinsu 'yan dako ne da masu dafa abinci da masu jagora, galibinsu masu magana da Kecuwa, harshen da ƙidayar 2017 ta nuna cewa kimanin mutum miliyan 3.8 ne suka tashi da shi a Peru.

Darasin da ke nan ga mai nazarin harshe shi ne, wanda ya faɗi sunan wuri da wanda ya fassara shi abokan bincike ne, ya kamata a rubuta sunayensu da abin da suka faɗa daidai yadda suka faɗe shi. Da an yi haka a 1911, da ba a kwashe shekaru fiye da saba'in ana neman asalin garin ba.