Sunan Korau a Gidajen Sarautar Katsina

A ƙasar Sin sunan dangi yakan bi jini daga kaka zuwa jika har ƙarnoni masu yawa, ko da daula ta faɗi wata ta tashi. Bahaushe kuwa da sunan mahaifinsa ko na garinsu ake kiransa, shi ya sa sunaye kaɗan ne ke kai wa tattaɓa-kunne. Duk da haka akwai suna ɗaya a Katsina da ya ga ƙarshen gidajen sarauta biyu, ya kuma shiga na uku, ba ta hanyar haihuwa ba sai ta hanyar gadon mulki. Sunan nan shi ne Korau.

Kafin zuwansa mulki na hannun Durɓawa, waɗanda ruwaya ke danganta su da Kumayau jikan Bayajidda, kuma kufan mazauninsu yana nan a Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani. Ruwayar baka ta ce Korau mutumin 'Yandoto ne, a ƙasar Tsafe ta yau, kuma a wajen kokawa ya kayar da Sanau, sarkin Durɓawa na ƙarshe, ya kashe shi, ya hau gadonsa. Masana tarihi da dama suna sanya mulkin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, suna kuma ɗaukarsa sarki Musulmi na farko a Katsina. Bai shafe gidan da ya ture ba: sarautar Durɓi ta wanzu cikin manyan fada, abin da ke nuna cewa ya fahimci ƙwace mulki daban, riƙe shi daban.

Magadansa sun riƙe birnin fiye da shekaru 300. A zamaninsu aka ƙarfafa ganuwa, fatake da malamai suka riƙa tsallako Sahara zuwa Katsina, hasumiyar Gobarau ta tsaya shaidar ilimin garin, har fadar kanta ta zama Gidan Korau a bakin kowa.

Sai jihadi ya zo. A 1807 mayaƙan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙarƙashin Malam Ummarun Dallaje da abokansa, suka ci birnin, Sarki Magajin Halidu ya fice, ya rasu a Ɗankama. Sauran jama'arsa suka bi magajinsa Ɗan Kasawa zuwa ƙasar Damagaram, daga bisani suka kafa mazauni a Maradi wajen 1819, inda har yau ake kiran mai mulkinsu Sarkin Katsinan Maradi. Daga nan gadon Korau ya rabu biyu: zuriya ta koma arewa tana yaƙin neman komawa gida kusan ƙarni guda, fada da takobin sarauta mai suna Gajere kuwa suka zauna a hannun Dallazawa, wato gidan Ummarun Dallaje. Sababbin sarakunan na da ikon sauya wa fadar suna, amma ba su yi ba, domin wanda ya zauna a Gidan Korau shi talakawa suka sani da Sarkin Katsina.

Sarakuna takwas Dallazawa suka yi. Bayan Turawan Ingila sun shigo a 1903, suka tuɓe Abubakar, suka tuɓe Yero, sannan a 1906 suka naɗa Muhammadu Dikko na gidan Sulluɓawa, wanda a lokacin Durɓin Katsina ne, wato yana riƙe da sarautar da ta samo suna daga mutanen da Korau ya ture. Dikko ya yi mulki har 1944, ɗansa Usman Nagogo har 1981, Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman ya gaje shi. Sunan Dikko ya yi ƙarfi har ya shiga kirarin garin, amma bai kori na farko ba. Har yau Magajin Korau ake yi wa Sarkin Katsina kirari da shi.