Yadda ake mayar da fitsari ruwan sha a tashar sararin samaniya

Ruwan da mazauna unguwar Lewisham a birnin Landan ke zubarwa a banɗaki yana bin magudanar ƙarƙashin ƙasa zuwa matatar Crossness, wadda aka buɗe a 1865, inda ake tace shi a zuba a Kogin Thames. 'Yan sama jannatin da ke Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa, mai tazarar kimanin kilomita 400 daga doron ƙasa, ba su da kogin zubarwa, kuma kai musu ruwa da roka na da ɗan karen tsada. Shi ya sa fitsarinsu da zufarsu ke komawa ruwan sha.

Hukumar NASA ta Amurka ta kai na'urar tace fitsari tashar a Nuwamban 2008, aka fara shan ruwanta a Mayun 2009. Na'urar tana rage matsin iska har fitsarin ya zama tururi ba tare da zafi mai yawa ba. Da yake babu nauyi a can, sai da wata tukunya mai juyawa da gudu ake iya raba tururin da dattin. Daga nan a tace ruwan, a sa masa sinadarin aidin don kashe ƙwayoyin cuta.

Matsalar da ta fi ba injiniyoyi wahala daga jikin ɗan'adam ta fito. A sararin samaniya ƙashin mutum yana zubar da sinadarin kalsiyam, wanda ke fita ta fitsari. Na'urar kuwa da fitsarin mutanen doron ƙasa aka gwada ta. Kalsiyam ɗin ya daskare ya toshe ta a 2009, dole aka rage yawan ruwan da ake tatsa ƙasa da kashi 85 cikin 100 da aka tsara. Sai a 2016, bayan sauya asid ɗin da ake zuba wa fitsarin, aka koma kan wannan mizani.

Ragowar gurɓataccen ruwan da a da ake zubarwa, yanzu wata na'ura da aka kai a 2021 ce ke busar da shi da iska mai ɗumi, tana kwashe danshin. A Yunin 2023 NASA ta sanar cewa tana dawo da kashi 98 cikin 100 na ruwan tashar, daga kimanin kashi 94.

Ƙarin bai taka kara ya karya ba a ido, amma shi ne adadin da hukumar ke buƙata don tafiya duniyar Mars, inda zuwa da dawowa zai ci fiye da shekara biyu, babu jirgin kai ɗauki a hanya.