Wutar sola da intanet a cikin mota: Yadda tsarin yake

A watan Janairun 2023 ne kamfanin Starlink ya fara aiki a Nijeriya, ƙasa ta farko a Afirka da ta samu intanet ɗinsa na tauraron ɗan Adam. Ga direbobin da ke ɗauko shanu daga kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, su ratsa Gumel da Gagarawa, hakan na nufin ana iya samun sadarwa ko da a inda layin waya ya ɗauke.

Sai dai na'urar na buƙatar wuta, kuma a nan batir ne ginshiƙi.

Ƙaramar na'urar Starlink Mini tana jan wat 25 zuwa 40. Batirin litiyam mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗaukar kimanin wat 1,200 na sa'a guda, wato zai riƙe ta fiye da kwana ɗaya. Batirin dalma irin na da kuwa, rabin cajinsa kawai ake sha, idan ba haka ba ya mutu da wuri. Ga kuma nauyi, kusan ninki biyu.

Farantin sola a kan rufin mota shi ke mayar da cajin da rana. Idan daga injin za a yi caji, tilas a sa na'urar daidaita wuta a tsakani, domin litiyam na iya jan wutar da za ta ƙona altanetar motar.

A arewacin Jigawa zafin bazara kan haura digiri 40, abin da ke rage kwanan batir, don haka ba a ajiye shi kusa da injin. Ƙurar hunturu kuma na rufe farantin, sai an riƙa gogewa.